Amsar tambayarka kan bajen tsohuwar rigar soja

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan rigar kakin da ta shigo hannunka. Ka tambaye ni ko al'ada ta yarda ka warware bajen da ke ɗinke a hannunta ka jera su cikin akwatin gilashi, ka goge na ƙarfen har su yi ƙyalli, sannan ka maƙala lambobin yabon a ƙirjinka ranar tunawa da mazan jiya. Duka ukun ina ba ka shawarar ka dakata, kuma ga dalilina.

Wurin da aka ɗinka baje shi kansa shaida ne, wanda ya warware shi kuwa ya shafe rabin labarin mai rigar. A sojan ƙasa na Amurka, bajen hannun hagu na rundunar da soja yake ciki ne, na hannun dama kuwa na rundunar da ya shiga fagen fama da ita ne. Haka igiyoyin muƙami, biyu na kofur, uku na saje a tsarin Ingila, sai an haɗa su da bajen runduna da na hula kafin a san wane ne mutumin. Tsohon zaren ɗinkin da launin yadin da ke ƙarƙashi, wanda rana ba ta koɗar da shi ba, su ne ke tabbatar wa masani cewa ba jiya wani ya liƙa shi don ya ƙara wa rigar daraja ba.

Baƙin gizo-gizon da ke kan rawayan ƙyalle a rigarka tambarin Runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin sojan Ingila, wadda aka kafa a 1943 ta yi yaƙi a Bama. Tambarin takwararta ta 82 māsu biyu ne gicciye da gammo a tsakaninsu. Sai dai kada ka dogara da lambar runduna kaɗai, domin Amurka ma tana da tata Runduna ta 81, mai hoton muzurun daji, wadda tun 1918 aka san ta da fara ɗinka baje a kafaɗa. Lamba ɗaya ce, amma ƙasa daban.

A bajen ƙarfe na Ingila, kambin sarautar da ke samansa za ka fara dubawa. Mai zagayayyen kai shi ne na zamanin sarakuna maza daga 1902, mai lotsawa a tsakiya kuwa ya shigo a 1953 tare da Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ka lura dai Sarki Charles na Uku ya komo da tsohon kambin a 2022, saboda haka kambi ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ka juya bayan bajen ka dubi maƙalarsa da nauyinsa, domin marasa nauyi na alminiyam sai a shekarun 1950 suka yaɗu. Na yadi kuma gefensa za ka shafa: na Amurka mai kauraren ɗinki zagaye da baki ya bayyana ne a ƙarshen shekarun 1960, na Yaƙin Duniya na Biyu yankakken gefe gare shi. Wasu na haska fitila mai shuɗin haske, su ce duk zaren da ya yi walƙiya sabo ne, amma ni ba na rantsuwa da wannan gwaji, tun da tsohon ƙyallen da aka wanke da garin sabulun zamani shi ma yakan yi walƙiyar.

Batun gogewa gajere ne. Duhun da shekaru suka bar wa tagulla yana cikin shaidar tsufanta, man gogewa kuwa yana cinye zanen. Na taɓa lalata wani baje da hannuna ina saurayi, har yau ina jin takaicinsa. Busasshen buroshi mai laushi ya isa.

Sanya lambobin yabo shi ne inda al'ada ta fi tsauri. A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, ƙirjin hagu na wanda aka ba lambar ne shi kaɗai, dangin mamaci kuma an yarda su sa nasa a ƙirjin dama ranar tunawa, wato 11 ga Nuwamba a can. Kai kuwa mai tara tsofaffin kayan soja ne, ba ka haɗa jini da mai rigar nan ba, don haka ko a dama ba ka da hurumi. A Amurka ma dokar 2013 ta mai da ƙaryar samun wasu manyan lambobi don neman abin duniya laifi.

Abin da ya rage maka shi ne neman mai rigar. Lambobin yabon Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da suna da lambar soja, amma mafi yawan na yaƙi na biyu babu suna aka raba su, saboda haka ka juya cikin wuyan rigar da aljihunta ka nemi lambar sojan da aka buga ko aka rubuta da tawada, ka turo mini hotonta.