Me ya sa a yankinmu ba a gano ciwon daji sai ya riga ya ci jiki?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara a ƙaramin asibiti. Kwanan nan aka nuna mana wani rahoto da ya jera yankuna bisa yawan waɗanda ake gano musu sankara a mataki na 3 da na 4, wato bayan ciwon ya riga ya yi nisa. Sai ga yankinmu can sama, ya fi maƙwabcinsa nesa ba kusa ba, alhali tafiyar da ke tsakaninmu ba ta kai awa ɗaya ba. Tun ranar ban samu barcin kirki ba, domin yayata tana da ƙullutu a nono, wata na huɗu ke nan. An ce a ɗebi nama a gwada, ta ce sam, wai duk wadda aka taɓa da allura ko wuƙa ciwon tashi yake ya bazu, har ta lissafo mini mata uku da ta sani. Shin wani abu ne a ruwanmu ko a jininmu ya sa ciwon ya fi zafi a nan? Kuma me zan ce mata?

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yayarki lafiya. Bari in fara da abin da ya hana ki barci: rahoton da kika gani ba zafin ciwon ya auna ba. Galibi lokaci yake nunawa, wato tsawon kwanakin da ke wucewa daga ranar da mutum ya fara jin wani abu zuwa ranar da aka rubuta masa sunan ciwonsa. Ruwan sha, hayaƙi, taba da gado suna iya ƙara yawan masu kamuwa a wani wuri. Amma idan yankuna biyu suna kusa da juna haka, ɗaya yana kama ciwon da wuri ɗaya sai ya makara, to galibi bambancin a hanya yake, hanyar da ke tsakanin ƙofar gida da ɗakin gwaji.

Kafin ki yarda da jerin nan gaba ɗaya, ki tambayi mai rahoton abu uku, tunda aikinki ne. Wane irin sankara ya fi yawa a kowane yanki? Na huhu da na wata gaɓa a bayan tumbi da ake kira fankiriyas ba sa nuna kansu da wuri, don haka inda masu shan taba suka fi yawa adadin makara zai yi sama ko da likitocin wurin ba sa wasa. Sannan mutum nawa ne ba a rubuta matakinsu ba sam? Yankin da ba shi da na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki yakan rubuta mataki na 2 ga wanda in an yi masa hoto mai kyau mataki na 4 ne, sai ya fito da kyau a takarda. Na uku, mutum nawa aka ƙirga? Ƙaramin yanki, marasa lafiya goma kacal suna iya hawa da shi ko sauko da shi daga shekara zuwa shekara. Akwai ma inda yawan gwaji ke ƙawata lissafi ba tare da ya ceci kowa ba. A Koriya ta Kudu, tsakanin 1993 da 2011, gano sankarar maƙoƙo ya ninka kusan sau 15 saboda yawan ɗaukar hoton wuya, amma masu mutuwa da ita ba su ragu ba.

To ko an tace duk wannan, bambancin yana nan, kuma ba a ƙasashe matalauta kaɗai ba. Ingila, inda ganin likita kyauta ne, ta sa wa kanta buri a 2019 cewa nan da 2028 kashi 75 cikin 100 na sankara za a gano su a mataki na 1 ko na 2, domin a lokacin sama da rabi kaɗan ake samu, kuma unguwannin talakawa ne a baya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a can ba ya sanin yana da ciwon sai an kawo shi ɗakin gaggawa. A Amurka, jihohin da suka faɗaɗa inshorar lafiya ta marasa ƙarfi daga 2014 sun ga ƙaruwar gano ciwon da wuri fiye da waɗanda suka ƙi. Wani nazari da ya fito a 2016 ya tattara bincike daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya samu kusan uku cikin huɗu na baƙaƙen mata masu sankarar mama sun iso a mataki na 3 ko na 4, amma tsakanin wannan asibiti da wancan akwai tazara mai faɗi ƙwarai. Abin da ya fi burge ni shi ne na birnin Mancesta da ke Ingila a 2016. Maimakon su zauna jiran mutane, sai suka ɗora na'urar CT a babbar mota suka kai ta wuraren ajiye motoci na manyan kantuna a unguwannin da suka fi talauci, suka gayyato masu shan taba da waɗanda suka daina. Kusan kashi 80 cikin 100 na sankarar huhun da suka gano tana matakin farko-farko, a ciwon da aka saba ganin akasin haka. Mutanen ba su canza ba, iskar da suke shaƙa ba ta canza ba. Tazara aka rage.

Yanzu sai maganar yayarki, kuma a nan zan daɗe, ki yi haƙuri, don babu ranar da zan zauna ɗakin duba marasa lafiya ban ji wannan zancen ba. "Likita kada a taɓa shi, in ƙarfe ya taɓa shi tashi yake." Wani ya ce iska ce ke shiga idan an buɗe. Na ji daga wanda bai taɓa shiga aji ba, na ji daga mai digiri biyu. Kuma ba ƙabila ɗaya ko ƙasa ɗaya ke da shi ba: a 2003 an tambayi marasa lafiya a wasu asibitocin huhu a Amurka, kusan kashi 38 cikin 100 suka ce sun yarda iska na baza ƙari idan an yi tiyata.

Matan nan uku da yayarki ta lissafo, ban ce ƙarya take ba. Na yarda an yi musu aiki, na yarda sun rasu ba da daɗewa ba. Ki tambaye ta dai: wata nawa kowacce ta yi da ƙullutun kafin ta yarda a taɓa? Ga yadda abin yake tafiya, na gani ya fi a ƙirga. Mace ta ji ƙullutu kamar ƙwayar wake tana wanka. Ba ya ciwo, sai ta share. Bayan wata shida ya kai ƙwai, ta fara shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Shekara ta zagayo, fatar nonon ta yi kauri ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, kaluluwa ta fito a hammata, bayanta ya fara ciwo da dare. Sai da ya fashe yana wari, ba ta iya zama cikin mutane, sannan aka kawo ta. Muka ɗebi nama, muka yi hoto, muka tarar ya riga ya sauka a ƙashi da hanta tun watanni. Bayan wata uku ta rasu. Mutanen unguwa ba su ga shekara ɗaya da rabin da ta yi tana ɓoyewa a ƙarƙashin riga ba. Abin da suka gani shi ne ta tafi asibiti da ƙafarta, an taɓa ta, ta mutu.

Kin ga inda wannan ya haɗu da rahotonki? A yankin da ake zuwa a makare, kusan duk wanda aka sani da sankara mutuwa ya yi, kuma bayan zuwa asibiti. Sai tsoro ya kama na baya, su ma su makara, su ma su mutu, zancen ya ƙara samun gindin zama. A yankin da ke maƙwabtaka da ku kuwa, wataƙila kowace mace ta san wata da aka cire wa ƙullutu shekara goma da suka wuce, ga ta nan tana aurar da 'ya'ya. Ita ba sai an roƙe ta ba. Tsoron da makara ta haifa shi ke sake haifar makara, kuma wannan ba ya fitowa a taswirar kowane rahoto.

Zan gaya miki gaskiyar ilimin ba tare da ɓoye komai ba, don kada wani ya kama ki da ita. Akwai abin da muke kira zubar ƙwayoyin ciwo a hanyar allura. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma mun san inda haɗarinsa yake. Shi ya sa ba ma soka allura a ƙarin ɗan maraina, cire shi muke gaba ɗaya. Shi ya sa ƙarin ƙwan mace muke ƙoƙarin fitar da shi ba tare da ya fashe ba, kuma sankarar hanta sau da yawa hoto ya ishe mu. A nono kuwa, ɗiban nama da allura aikin yau da kullum ne a duniya baki ɗaya, kuma ba a ga yana rage tsawon ran masu ciwon ba. Sankara ba ta jiran wuƙa kafin ta yi tafiya. Ta jijiyoyin jini da hanyoyin kaluluwa take bi, a hankali, kowace rana, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Kuma ba tare da wannan ɗan naman ba, ta ina zan san ko ciwon yana jin maganin homon (sinadaran jiki da ke ciyar da wasu ƙari), ko mai HER2 ne (wani sinadari da ke sa shi saurin girma), ko kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, za a fara kafin tiyata? Ta ina ma zan san sankara ce? Mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne. Yana yiwuwa yayarki wata huɗu tana kwana da fargabar abin da ba shi ba ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne akwai masu cin abinci da wannan tsoron. Mai ganye a kwalba, mai garin shafawa, mai bidiyo a waya sanye da farar riga, duk bakinsu ɗaya: "Kada ki bari su taɓa ki, ni zan narkar da shi." Ƙullutun da ba sankara ba ya baje don kansa, su ɗauki hoto su ce sun warkar. Wanda yake sankara ya ci gaba da girma, su ce ai dafin ne ke fitowa, a ƙaro kwalba. Ranar da ya fashe kuma ba za ki gan su a bakin gado ba, mu ake bar wa wankin gyambon da kuma laifin. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi sawun irin waɗannan marasa lafiya, suka wallafa a 2018 cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe na gefe kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa ya haura sau biyar. A Ingila kusan duk matan da aka gano musu ita a mataki na 1 suna raye bayan shekara biyar. A mataki na 4, wajen ɗaya cikin huɗu ne. Wannan tazarar ita ake sayarwa a kwalba.

Mu ma ba mu kuɓuta ba, kada in ɗora komai a kan marasa lafiya. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta zo asibiti a makonta na biyu da jin ƙullutu, ta yi duk abin da muke wa'azin a yi. Aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta har zagaye uku. Aka rubuta mata takardar turawa, takardar ta ɓata. Aka ɗebi nama, kwalbar ta kwana makonni a kan tebur ana jiran a tara da yawa a aika tare. Kafin ta iso gabana wata bakwai sun tafi, kuma a fayil ɗinta an rubuta wai ta zo a makare. Na daɗe ina kallon rubutun nan. Wani babban nazari na 2020 ya nuna kowane jinkirin mako huɗu wajen fara magani yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin 100, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na sankarar mama na 2021, ta ce a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. Ki ɗauki fayil ashirin na ƙarshe a asibitinku ki ƙirga kwanakin da kanki, za ki ga inda yankinku ke zubar da lokaci, kuma wannan ya fi rahoton amfani.

Game da yayarki, kada ki je mata da alƙaluma, kuma kada ki yi mata faɗa. Tsoro ne, kuma tsoron yana da kaburbura uku a bayansa. Ki zauna da ita ki bi labarin matan nan ɗaya bayan ɗaya, ita da kanta za ta tuna tun yaushe suke fama. Ki kwatanta mata aikin yadda yake: za a kashe wurin da allura, za ta ji ƙara kamar ta maɓalli sau uku ko huɗu, a manna filasta, ta koma gida da ƙafarta a ranar. In kin san wata da aka yi wa ta warke, ki roƙe ta ta zo su gaisa, don maganarta ta fi tawa da taki nauyi. Ki haɗa da mijinta ko duk wanda take jin maganarsa tun yanzu, kada sai an sa rana wani ya zo ya rushe. Addu'a kuma a ci gaba da yi, a yi ta a hanyar zuwa asibiti.

Ki sa ranar a cikin makon nan, ki raka ta da kanki. Kafin ku bar wurin ki rubuta lambar kwalbar da sunan ɗakin gwajin da za a kai ta, ki tambayi ranar fitowar sakamako. In ranar ta zo shiru, kada ki jira a kira ki, ki je.