Ɗiyata, kada ki fara daga 2010

Ɗiyata, na ga tambayarki tun jiya da dare, na bari sai da na yi sallar asuba hankalina ya natsu sannan na zauna amsa miki. Kin ce kina son rubuta memuwar ɗinki, kundin kammala karatu, a kan tarihin jami'armu ta nan Maraɗi, amma wasu sun sare miki gwiwa, wai jami'ar da aka haifa jiya-jiya wane tarihi gare ta. Kin kuma tambayi inda za ki samu takardu. Shekara 26 na yi ina aikin ajiyar takardu a ofisoshin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma maganar nan ta taɓa ni ƙwarai.

Abin da kowa zai faɗa miki gaskiya ne: an kafa jami'ar Maraɗi a 2010, lokacin riƙon ƙwaryar Salu Jibo, tare da ta Damagaram da ta Tawa. Dokar tana cikin jaridar hukuma, Journal Officiel, ki nemo ta ki karanta da idonki. Sai dai in kika ɗauko labarin daga nan, kin yanke masa kai. Tun 2008 akwai IUT a Maraɗi, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'a, inda ake koyar da aikin gine-gine da na lantarki, kuma a lokacin reshe ce ta jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Don haka takardun farko-farko sunan Yamai ke bisa kansu, wasu ma can za ki tarar da su. Ita kanta ta Yamai a 1971 ta soma a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Duk tsawon shekarun nan, yaron Maraɗi da ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, sai ya ɗaure kayansa ya yi tafiyar fiye da kilomita 600, ko ya tsallaka Kano ko Zariya ko Sakkwato in iyayensa suna da hali. Wannan wahalar ita ce babin farko na aikinki.

Sunayen ma abin bibiya ne. Abdu Mumuni, masanin nan na makamashin rana, a Tasawa aka haife shi a 1929, ɗan jiharmu ne. Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda jami'armu ke amsa sunansa, ya riƙe ministan ilimi zamanin Diori Hamani, daga baya ya shugabanci ACCT, hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci wadda aka kafa a Yamai a 1970, daga 1974 zuwa 1982. Ki lura da abu biyu. Takardun shekarun farko "Université de Maradi" kawai za ki gani a kansu, sunan ya zo daga baya. Kuma sunan nasa kowane magatakarda da yadda yake rubuta shi: Dan Dicko, Dandicko, Dankoulodo, Dan Koulodo. In kika nemi salo ɗaya kaɗai, rabin takardun za su wuce ki.

To, ga inda nake so ki buɗe kunne. Doka da jawabin bikin buɗewa suna faɗin abin da aka yi niyya ne. Abin da ya auku kuwa yana cikin ƙananan takardun da ba wanda ya damu da su: rajistar ɗaukar ɗalibai, sanarwar aiki ta cikin gida, rahoton zaman majalisar malamai, jadawalin darussa, takardar odar kaya, takardar izinin tafiyar aiki.

Na taɓa tsara ma'ajiyar wata makarantar horas da ma'aikata, ba zan kama sunanta ba. A takardar hukuma an ce ta buɗe a watan Oktoba. Ina cikin kwance wani ƙunshi sai na ci karo da wasiƙar darakta, an rubuta ta a Janairu, yana roƙon a aiko masa da kujeru don yara a kan tabarma suke ɗaukar darasi. A bayanta akwai wasu guda uku, duk magana ɗaya, kowace ta fi ta gabanta zafi. Sai kuma rasit ɗin kafinta a watan Afrilu. Na daɗe zaune riƙe da takardun nan biyar. Ba inda aka rubuta tarihin makarantar kamar yadda suka ba da shi, domin ga mutum yana faɗa da hannu wofi don kada shekarar yara ta lalace. Irin wannan nake so ki nemo wa jami'armu. Takardun izinin tafiya za su nuna miki malamai nawa ne ke zuwa daga Yamai su yi darasin mako biyu a dunƙule su koma. Rajista za ta nuna miki garuruwan da ɗaliban farko suka fito, ko Dakwaro ko Mayahi ko Madarunfa, da ƴan mata nawa ne a cikinsu, da yadda adadin ya riƙa sauyawa bayan an buɗe sashen noma da na likitanci. Jadawalin jarrabawa, in kika jera na shekaru a gefen juna, shi zai gaya miki shekarar da yajin aiki ya ci, ko da ba a ambaci yajin ba.

Masu ce miki jami'ar ta yi ƙuruciya ba su san halin takarda ba. Takardar da ta shekara 100 ta riga ta samu mai tsaronta. Wadda ta shekara 15 ita ce cikin haɗari, don kowa na ganin tarkace ce mai cinye wuri. A wani ofishi da na yi aiki, mun buɗe ɗakin ajiya bayan damina muka tarar rufin ya yi yoyo, gara ta hau ta ƙasa, kwali 11 sun koma ƙasa. Na ɗaga murfin ɗaya, sai ya zube a hannuna. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don a ciki akwai dosiyoyin mutanen da daga baya suka zo neman shaidar shekarun aikinsu saboda fansho, muka rasa abin ce musu. Na zamanin yanzu kuma ya fi sauri: sanarwa ta tafi ta WhatsApp, rahoto yana cikin kwamfutar sakatare, kwamfuta ta mutu ko an yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Saboda haka aikinki yanzu ne lokacinsa.

Kada ki tsaya cikin harabar jami'a kaɗai. Tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel suna da labarin aza harsashi da ziyarar ministoci. Ma'ajiyar takardun ƙasa tana Yamai, haka ma IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewar al'umma. A nan gida, ofishin gwamna da na magajin gari za su iya riƙe da takardun fili, domin kafin a yi gini ƙasar nan tana da masu ita, kuma yadda ta koma hannun hukuma babi ne mai zaman kansa. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta malamai SNECS suna da sanarwowinsu, su ne za su ba ki ɗaya ɓangaren maganar da takardun shugabanni suka taƙaita.

Sannan ki je wurin mutane, amma bayan kin karanta takardu, don ki san abin tambaya. Shugabanni za su ba ki jawabi mai kyau. Tsohon direba da mai gadi da sakatariyar farko su ne za su gaya miki ɗakin da aka fara darasi da ranar da aka kawo ruwan famfo. In bakinsu ya saɓa da takarda, ki rubuta duka biyun, kada ki yi gaggawar yanke hukunci. Na sha ganin takarda ta yi kuskure tsoho ya gyara ta, na kuma sha ganin akasin haka.

Wajen shiga, ki karɓi takardar izinin bincike daga sashenku, ki rubuta wa babban sakataren jami'a, ki haɗa da haƙuri, don za a ce miki ki dawo gobe ba sau ɗaya ba. Duk takardar da aka yarda ki ɗauka hoto, ki rubuta cikin kayenki ofishin da take, da kwalin, da kwanan watan da ke kanta, nan take, kafin ki ɗaga ta gaba. Rahoton sakamakon jarrabawa da dosiyoyin ma'aikata amanar mutane ce: ki ɗauki adadi ki bar sunaye. Kuma ki mayar da kowane ƙunshi yadda kika same shi, ko da a ganinki a hargitse yake, don jerin da aka bar takardu shi ma yana da abin da yake faɗa.

Ranar Litinin ki fara da ofishin rajistar ɗalibai na IUT. Ki gaishe su da kyau, ki tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ki roƙe shi ya nuna miki rajistar 2008. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a karatun.