A Buɗe Ƙirji ko a Sa Bututu? Amsoshin Tambayoyinku Kan Tiyatar Baifas

Tambaya: Mahaifina shekararsa 64, yana da ciwon suga, hoto ya nuna jijiyoyin zuciyarsa uku sun cushe. Likita ya ce tiyata ta fi. Shi kuwa Baba ya ji ana sa ɗan bututu ba tare da an buɗe ƙirji ba, ya ce shi yake so. Mu goya masa baya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Tsoronsa ba abin zargi ba ne. A tiyatar baifas ana raba ƙashin ƙirji, a ɗauko jijiya daga cikin ƙirjin ko ƙafa ko hannu, a ɗinka ta gaba da inda ya toshe don jini ya samu hanyar ratse. Aikin kan ci awa uku zuwa shida. Shi kuwa bututun ragar nan da ake kira sitent, ta jijiyar hannu ko matsematsi ake zura shi, washegari ma mutum na iya komawa gida.

Amma mai irin lalurar Baba, ina bayan likitansa. Binciken FREEDOM da aka fitar a 2012 ya bi masu suga kimanin 1,900 da jijiyoyinsu fiye da ɗaya suka toshe. Bayan shekara biyar, kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rasu, na masu bututu kuwa kashi 16. Bugun zuciya ma ya fi yawa a masu bututu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Suga ba ya ɓata wuri ɗaya, kitse yake shimfiɗawa a tsawon jijiyar. Bututu yana buɗe inda aka sa shi kaɗai, sabuwar jijiya kuwa tana tsallake toshewar yau har da wadda za ta taso kusa da ita gobe.

Kada ku ɓoye masa ɗaya ɓangaren. A binciken nan, shanyewar ɓarin jiki ta fi samun masu tiyata, kusan kashi 5 cikin 100, masu bututu kuwa kashi 2 da ɗoriya. A tiyatar da aka tsara ba ta gaggawa ba, mutum 1 zuwa 3 cikin 100 kan rasu. Haɗarin tiyata a makonnin farko yake, amfaninta kuma sai an tara shekaru ake ganinsa. Saboda haka lissafin yana iya juyawa ga tsoho tukuf, ko mai ciwon ƙoda ko huhu mai tsanani. Ku nemi zama da likitan zuciya da likitan tiyata tare, ku tambaye su haɗarin Baba shi kansa nawa ne, kuma aiki nawa irin wannan asibitin ke yi a shekara. Sannan ku bar shi ya yanke, jikinsa ne.

Tambaya: An ce zuciyar mijina ta yi rauni, ba ta harba jini sosai. Tiyata ba za ta ƙarasa shi ba?

Amsa: Haɗarin aikin ya fi yawa gare shi, gaskiya ne. Duk da haka binciken STICH, wanda ya bi masu irin lalurarsa 1,212 na kusan shekara goma, ya nuna a 2016 cewa waɗanda aka haɗa wa tiyata da magani sun fi masu magani kaɗai daɗewa. Kada ki yanke ƙauna kafin likitan tiyata ya duba shi.

Tambaya: Wata huɗu ke nan da aka yi mini baifas, ciwon ƙirji ya tafi. Zan iya daina sayen magungunan nan?

Amsa: Malam, don Allah kada ka daina. Wannan tambaya ta fi ko wacce tayar mini da hankali, domin a nan ake asarar aikin da ya yi kyau. Tiyata ba ta cire cutar da ke tara kitse a jijiya ba. Jijiyar da aka ɗauko daga ƙirji tana da ƙarko, kusan 9 cikin 10 suna nan a buɗe bayan shekara goma. Ta ƙafa kuwa, kusan rabi sukan toshe ko su ƙuntace a tsawon wannan lokaci. Asfirin da maganin rage kitsen jini su ke tsare su, kuma yawanci na har abada ne. Idan kuɗin ne ya yi nauyi, faɗa wa likita, akwai masu araha da sinadari iri ɗaya. Idan kana shan taba, yau ce ranar bari. Ka riƙa tafiya a ƙasa kullum, ka kula da hawan jini da suga. Ranar da ciwon ƙirji ya dawo, ko numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙafafu suka kumbura, ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka ta ganin likita.