Ku Tambayi Kawu: Amfilifayar Jita Mai Bawul

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato amfilifayar jita mai bawul, irin wadda in ka leƙa bayanta za ka ga ƙananan kwalabe a jere suna haske ja-ja. Bismillah.

Kawu, ni ke kaɗa jita a majami'armu a Zuru. Mun yi karo-karo mun sayi amfilifaya mai bawul, amma sautin ya ƙi daɗi. Ko dai ya yi dim-dim ba a rarrabe waya da waya, ko ya yi tsini yana sukar kunne. Ko an cuce mu ne?

Ɗana, kwantar da hankalinka, da wuya a ce an cuce ku. Ko ban gani ba na san abin da ka yi: ka murɗe abin murɗawar da aka rubuta Gain har ƙarshe, ka cika Bass mai ƙasan sauti, ka kashe Middle mai tsakiyar sauti, ka ajiye akwatin a ƙasa yana kallon gwiwarka. Mai miya ba ta zuba gishiri da yaji da daddawa duk da ludayi ɗaya don kawai suna gabanta.

Ga yadda za ka yi. Cire duk wani fedal, wato ɗan akwatin canza sauti da ake takawa da ƙafa, ka haɗa jita kai tsaye. Kunna, ka bar bawul su yi ɗumi kamar minti ɗaya kafin ka ɗaga makunni na biyu da aka rubuta Standby, in akwai shi. Sa Bass da Middle da Treble mai siririn sauti duk a kan 5, Gain a kan 3, ka kashe Reverb mai sa amsa-kuwwa. Sai ka ɗaga Master har ya kai ƙarfin da za ka yi kiɗa da shi ranar Lahadi in mai ganga ya zauna, domin sautin da ka gyara a hankali cikin ɗaki ba shi ne zai fito a taro ba. Gain yana tura ƙananan bawul na gaba ne, waɗanda yawanci 12AX7 ne, shi kuwa Master yana buɗe wa manyan na baya hanya. Ƙara Gain kaɗan-kaɗan kana kaɗawa. Inda ka ji in ka taɓa waya a hankali sauti ya fito tas, in ka doka da ƙarfi ya ɗan yi gurnani, to tsaya nan. Wannan wurin shi ne abin da kuka biya kuɗi dominsa. Daga nan abin murɗa ƙarar da ke jikin jitar ya ishe ka: ka rage zuwa 6 ko 7 lokacin rakiyar mawaƙa, ka buɗe in an ba ka fili.

Dim-dim ɗin nan Bass ne ya yi yawa. Duk sanda ka ƙara ƙarfi, rage shi, ko zuwa 3. Ƙasan sauti na mai jitar bas ne da mai fiyano, ka bar musu. Gidan jita a tsakiya yake, don haka kada ka ji tsoron kai Middle 6 ko 7, musamman a samfurin kamfanin Fender, wanda ko komai na kan 5 tsakiyarsa a rame take. Tsinin kuma, lasifika tana harba siririn sauti ne saitin gabanta. Kai da ke tsaye a kanta ba ka ji, sai ka yi ta ƙara Treble, mutanen sahun gaba suna shan wuya, ga rufin kwano da bangon siminti suna mayar da shi. Ɗora akwatin a kan kujera ya kalli kunnenka. In ka samu yadda kake so, ɗauki hotonsa da waya, don yaran majami'a ba sa ganin abin murɗawa su ƙyale.

Kawu, ina koyon jita a ɗakina a Birnin Kebbi. In sayi mai bawul ta kamfanin Marshall mai wat 100?

Ka sayi me? A ɗakin haya? Mai bawul ba ta ba da daɗinta sai an ɗan matsa mata, kuma kafin ka matsa wa wat 100 mai gida ya ba ka takardar tashi. Sai an ninka wat sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku sau biyu, saboda haka wat 15, irin na Fender Blues Junior, ya isa biki in an sa makirfo a gabanta. Kai mai koyo ma ƙaramar mai tiransisto ta ishe ka. Sauran kuɗin ka sayi wayoyin jita, ka biya mai koya maka.

Kawu, ina kiɗa irin na Buzayen Agadas a bukukuwa a nan Kamba da tsallaken iyaka. Wani ya ce in sayi tsofaffin bawul na Mullard 'yan Ingila a wurinsa, wai sautina zai canza gaba ɗaya. Kuɗin guda biyu ya kusa na buhun shinkafa.

Malam, riƙe kuɗinka, ka zauna mu yi magana, don wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Masana'antar Mullard da ke Blackburn a Ingila ta daina yin bawul tun farkon shekarun 1980. Na gaskiyan da suka rage a hannun masu tarawa suke, a Turai da Amurka da Japan, suna rububinsu. Ta yaya kwali guda zai ɓullo a hannun mai tebur a bakin iyaka? Sababbin da ake bugawa da wannan suna yau a Rasha ake yin su, ba laifi gare su, amma ba su ne na da ba, kuma ba a sayar da su da kuɗin na da. Yawancin bawul na jita a yanzu daga wuri uku suke fitowa: Rasha, da Sulobakiya inda kamfanin JJ yake, da Sin. Da kaya suka yi wuya a 2022 sanadin yaƙin Rasha da Yukiren, farashi ya tashi, 'yan jabu suka samu kasuwa. Aikinsu ba wuya: a ciro gajiyayyen bawul daga matacciyar na'ura, a goge rubutun jikinsa, a buga sabon suna, a sa a kwali mai kyau.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne ke kiran su. Mutum bai canza wayoyin jitarsa ba tun bara, sun yi tsatsa da gumi, igiyar haɗinsa an ɗaure da leda, lasifikarsa ta yage an liƙe da gam, amma an ce masa Ingila sai jikinsa ya hau rawa. Sauti daga yatsa yake farawa, sai waya, sai lasifika, sai yadda ka murɗa. Bambancin lafiyayyen bawul da wani lafiyayyen bawul, a filin biki da janareto na ruri a bayanka, ko kai ba za ka ji shi ba. Salon da kake kaɗawa ma tsabtar sauti yake so da tsakiya mai ƙarfi, kuma wannan kyauta ne, yana jikin akwatinka.

In dole sai ka saya, ka duba. A cikin kan kwalbar akwai wani shafe mai ƙyalli kamar azurfa. In ya koma fari, iska ta shiga, bawul ya mutu. A sa shi a amfilifaya a gabanka, ka ɗan ƙwanƙwasa shi da fensir. In ƙarar ta fito ta lasifika tana ƙararrawa, ajiye masa kayansa. Manyan na baya, su EL84 da EL34 da 6L6, biyu-biyu ake sayensu waɗanda aka auna suka dace, kuma ba a musanya wani iri da wani don kawai ya shiga ramin. A amfilifaya da yawa sai mai gyara ya daidaita wutar da ke ratsa su bayan an canza. In ka ga ƙarfen cikin kwalbar da kansa ya yi jawur, kashe nan take. Haka ita ma amfilifayar akwai ta bogi: kwalba ɗaya don ado, da ɗan ƙwan fitila a ƙarƙashinta yana ba da haske. Ta gaskiya taransifoma biyu gare ta aƙalla, shi ya sa ko ƙarama ce in ka ɗaga sai ka ji ta a kafaɗa.

Kawu, yayana ya aiko wa ɗana amfilifaya daga Amurka. Yaron ya matsu ya kunna, ni kuma gabana na faɗuwa. Uwa daga Gusau.

Hajiya, Allah ya yi miki albarka, wannan faɗuwar gaban ita ta ceci kayan. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. In ya cusa ta kai tsaye, hayaƙi zai gani. A duba rubutun da ke bayanta. In 120 aka rubuta, a nemi taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta amfilifayar na ci, a haɗa da sitabilaiza. In da janareto ne, a tayar da shi ya daidaita tukuna, kuma a kashe amfilifayar kafin mai ya ƙare ya fara tari. Kada a jingina bayanta da bango, balle a zafin Afrilu, a kuma rufe ta da zane in ta huce saboda ƙurar hunturu. In fiyus ya ƙone a sa irinsa daidai, ban da naɗa waya ko takardar sigari. Abu na ƙarshe ki faɗa masa da babbar murya: kada ya kwance ta. Akwai bolt 300 zuwa 500 a ciki, kuma tana iya riƙe wutar ko bayan an zare ta daga soket.

Kawu, zan iya cire lasifikar in kunna ta haka don kada in dami maƙwabta?

A'a. Mai bawul in aka kaɗa ta ba lasifika, taransifomar fitar da sauti ce ke ƙonewa, kuma samun irinta sai an aika Legas ko waje. In za ka haɗa wata lasifika, duba lambar om, 4 ko 8 ko 16, ta yi daidai da wadda aka rubuta a ramin. Maƙwabta kuwa, rage Master, ko ka yi atisayenka da la'asar.