Amsa: Shin barcin mai kuɗi da na talaka ɗaya ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko da gaske ne arziki da jinsi suna shafar barci, ko kuwa zancen 'yan boko ne kawai. Wallahi gaskiya ne, a gidanmu na gani.

Likitoci sun ce baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9 kowane dare. To, ki duba watan Afrilu a Kano, zafin rana kan kai digiri 40, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Mai sola ko janareta ya kunna fanka ya miƙe. Wanda ke gidan haya, ɗaki ɗaya da yara biyar, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sauro ya karɓe shi. Ga tunanin kuɗin haya da na cefane yana cin zuciya.

A gidan talakan ma, mace ce ke ɗaukar kaso mafi nauyi. Gwaggona mai ƙosai ce. Ƙarfe 4 take tashi ta wanke wake, ta kai markaɗe, bayan goyonta ya tashe ta sau uku cikin dare. Na sha ganinta tana gyangyaɗi a bakin kasko, mai yana tafasa a gabanta. Har yau abin na damuna. Bincike ma ya nuna rashin barci ya fi kama mata, musamman lokacin juna biyu da lokacin ɗaukewar al'ada.

Maza kuwa sun fi fama da minsharin da ke katse numfashi, ga masu gadi da direbobin tirela da ke kwana ido biyu.

Idan naki rashin barcin ya kai wata 3, ki daure ki ga likita.