Tarihin Super Play, mujallar da ta rayu tare da Super Nintendo

Tambaya: Malam, ina yawan jin masu tara tsofaffin na'urorin wasan bidiyo suna ambaton wata mujalla mai suna Super Play, wadda aka ce ba ta kula da kowace na'ura ba sai Super Nintendo. Mene ne tarihinta, kuma me ya sa ake tunawa da ita alhali ba ta daɗe ba?

Amsa: Malam mai tambaya, Super Play mujallar wata-wata ce da kamfanin Future Publishing na birnin Bath a Ingila ya fara bugawa a watan Nuwamba na 1992, ta kuma tsaya a watan Satumba na 1996 bayan fitowa 47. Matt Bielby ne editanta na farko, James Leach ya gaje shi, sannan Alison Harper ta riƙe ta har ƙarshe. A ganina, ba za a gane dalilin farin jininta ba sai an san halin da mai wasa a Birtaniya yake ciki a lokacin.

An fitar da na'urar a Japan a watan Nuwamba na 1990 da sunan Super Famicom, ta isa Amurka a 1991, amma ba ta shiga kasuwar Birtaniya ba sai a watan Afrilu na 1992. Jinkirin bai tsaya nan ba, domin wasa yakan yi watanni a hannun Japanawa da Amurkawa kafin ya ƙetaro Turai, idan ma ya ƙetaro ke nan. Ko ya zo, akwai matsalar talabijin. A lokacin yawancin ƙasashen Turai suna amfani da tsarin PAL, irin wanda Nijeriya ke amfani da shi, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka kuwa nasu sau 60 ne. Da yake yawancin kamfanoni ba sa gyara wasan domin ya dace da tsarin Turai, sai gudunsa ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, ga baƙin layi a sama da ƙasan hoton.

Wannan ya sa masu sha'awa suka koma sayen kaset ɗin da 'yan kasuwa ke shigowa da su kai tsaye daga Japan da Amurka, da tsada ƙwarai. Na'urar Turai ba ta karɓar kaset ɗin waje, saboda haka sai a sayi wani mahaɗi mai baki biyu, a soka baƙon kaset a sama, a soka na gida a bayansa, na'urar ta ɗauka na gida take karantawa. Mutumin da zai zuba kuɗinsa a kan wasan da rubutunsa duk na Japananci ne yana bukatar wanda zai gaya masa gaskiya kafin ya saya. Mujallar Nintendo Magazine System ta kamfanin EMAP ita ce mai izinin Nintendo a hukumance, Super Play kuwa mai zaman kanta ce, shi ya sa ta saki jiki wajen bitar kayan da aka shigo da su ba ta hannun kamfanin ba.

Inda ta fi barin tarihi shi ne wasannin nan masu dogon labari da ake kira RPG. Final Fantasy VI na 1994, wanda aka sayar a Amurka da sunan Final Fantasy III, da Chrono Trigger na 1995, da Super Mario RPG na 1996, babu ɗayansu da aka fitar a Turai a kan wannan na'ura. Matasan Birtaniya da dama a shafukan Super Play suka fara sanin akwai su, har mujallar ta ware musu sashe na musamman. Haka kuma tana kawo rahoto daga Tokyo, tana da shafin finafinan zane na Japan wanda Helen McCarthy ke rubutawa, a zamanin da yawancin gidaje ba su san intanet ba. Bangonta ma daban yake, domin Wil Overton ne yake zana shi da salon zanen Japanawa, ta yadda tun daga nesa ake gane ta a kantin jarida.

Mutuwarta kuwa ba abin mamaki ba ce, domin mujallar da ta ɗaure kanta da na'ura guda tana rayuwa ne gwargwadon sababbin wasannin da ake yi wa na'urar. Sababbin na'urorin wasa, Sega Saturn da PlayStation, sun shiga Turai a 1995, Nintendo 64 ta fito a Japan a watan Yuni na 1996, kamfanoni suka juya wa Super Nintendo baya, abin da za a yi bita a kai ya yi ƙaranci. A 1997 kamfanin Future ya kafa N64 Magazine, wadda ta gaji wasu ma'aikatanta da salonta, daga baya ta zama NGC, sannan NGamer, har aka rufe wannan jeri a 2012 da sunan Nintendo Gamer. Biyu daga cikin marubutanta, Jason Brookes da Tony Mott, sun zama editocin mujallar Edge, Overton kuma ya koma kamfanin wasanni na Rare.

Idan kana neman tara ta, ka sani akwai fitowa ta 48, wadda aka buga sau ɗaya tak a 2017 aka raba tare da mujallar Retro Gamer, lokacin da Nintendo ya fitar da ƙaramar Super Nintendo mai ɗauke da wasanni 21. Overton ne ya sake zana bangon, da hoton Star Fox 2, wasan da aka soke fitar da shi a tsakiyar shekarun 1990, bai kuma isa hannun jama'a a hukumance ba sai a wannan ƙaramar na'ura.