Fatawa: Neman Tallafin Gwamnati Ga Magidancin Da Albashinsa Ba Ya Kai Shi Ƙarshen Wata

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni magidanci ne a Tudun Jukun, Zariya. Shekaruna 29, ina da mata da yara biyu, ga na uku yana tafe. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashina naira 60,000, hayar gida kuma 180,000 a shekara. Duk wata ina aika wa mahaifiyata 10,000 a Giwa. Tun da aka cire tallafin mai, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata. Maiɗakina ta matsa mu nemi tallafin gwamnati, ni kuwa ina jin nauyi, don mahaifinmu ya rene mu a kan cewa roƙo ƙasƙanci ne. Wani abokina kuma ya ce dukiyar gwamnati cakuɗe take da riba. Akwai wanda ya ce zai shigar da sunana idan na rubuta ba ni da aiki, in kuɗin ya fito ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Na kuma ci bashin manhajar waya 20,000, yanzu suna bi na 27,000. Mene ne hukunci, kuma yaya zan tsara ɗan abin da nake samu?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, neman tallafin da gwamnati ta ware wa masu ƙaramin ƙarfi halal ne gare ka, kuma ba ya cikin roƙon da aka zarga. Tarbiyyar da mahaifinka ya yi muku gaskiya ce, Allah ya saka masa, sai dai ka kai ta inda ba wurinta ba. Roƙon da Annabi (SAW) ya tsoratar a kansa shi ne mutum ya miƙa hannu ga dukiyar da wani ya mallaka alhali yana da abin da zai ishe shi. Baitulmali kuwa ba mallakin gwamna ba ne, ba na shugaban ƙasa ba ne. Dukiyar jama'a ce aka ba su riƙo, kai ma kana cikin jama'ar, kuma kana zuba naka a ciki duk lokacin da ka sayi katin waya ko wani abin da aka ɗora wa haraji.

Nassi ma ya zo a kan wannan kai tsaye. Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Samura ɗan Jundub cewa Annabi (SAW) ya ce roƙo yagar fuska ne da mutum yake yi wa kansa, sai dai idan ya roƙi mai mulki, ko a lamarin da ba makawa. Duka keɓancewar biyu sun haɗu a kanka. A Buhari da Muslim kuma, Annabi (SAW) ya kasance yana ba Sayyidina Umar kyauta, Umar ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata, sai ya ce masa ya karɓa: abin da ya zo maka na wannan dukiya ba ka yi kwaɗayinsa ba, ba ka roƙa ba, ka karɓa, wanda bai zo ba kada ka bi shi da rai. Umar ɗin nan da ya zama halifa shi ya tsara diwani aka rubuta sunayen mutane ana ba su rabonsu. Masu tarihi sun kawo cewa da farko sai an yaye yaro ake sa shi, har ya ji kukan wani jariri da uwarsa take gaggawar yaye shi don ya shiga lissafi, sai ya yi shela cewa an yanka wa kowane jariri rabonsa tun daga haihuwa. Sahabbai ne suke cikin wannan rajista, ba wanda ya kira su mabarata.

Maganar abokinka ba ta hana ba. Gaskiya ne kuɗin shigar gwamnati akwai na mai, akwai haraji, akwai bashin da ake ciwowa da ruwa. Amma malamai sun tafi a kan halaccin karɓar kyautar mai mulki wanda dukiyarsa ta cakuɗa, matuƙar ba ka san cewa wannan abin da aka miƙo maka shi ne aka ƙwace wa wane ba. Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina, alhali Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin suna cin riba. Zunubin yarjejeniyar riba yana kan wanda ya ƙulla ta. Da hujjar abokin naka ta tsaya, da albashin duk ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello ya haramta, da kwanciya a asibitin Shika, da hawa kwaltar Kwangila.

Inda nake ji maka tsoro shi ne hanyar da mutumin nan ya nuna maka. Abu uku ne a dunƙule a cikinta: ƙarya, cin hanci, da cin haƙƙin wani. Duk shirin tallafi yana da sharuɗɗansa, kuma gurabensa ƙididdigaggu ne. Idan an ce na marasa aiki ne, kamar yadda aka tsara shirin N-Power a 2016, kai kuwa kana da aiki, to rubuta ba ka da shi algus ne, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Gurbin da ka shiga da ƙarya, akwai wata bazawara mai marayu a unguwarku da aka tsallake saboda shi. Kashi ɗaya cikin ukun da yake nema kuma rashawa ce, an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Na san wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne masa tabbataccen haƙƙinsa, ba yadda zai karɓo shi sai ya bayar, suka ce laifin yana kan mai karɓa. Wannan rangwamen bai shafe ka ba, don kai ba haƙƙinka aka riƙe ba, so ake a ƙirƙiro maka wanda ba ka da shi. Ban da haka, miƙa wa irin waɗannan mutane lambar NIN da BVN ɗinka ganganci ne, da su ake cin bashi da sunan mutum bai sani ba.

Abin mamaki ma, ba ka buƙatar ƙaryar. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kai kana karɓar ƙasa da haka da mutum huɗu a wuyanka. Ka faɗi haka yadda yake. Tallafin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta sanar a Oktoban 2023, na naira 25,000 a wata har wata uku, daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ake ɗaukar sunayen, ita kuwa rajistar ta unguwanni ake bi, kuma ba a biyan ko kwabo. Ka fara da mai unguwarku, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi sashen walwalar jama'a, kai da maiɗakinka kowa ya tabbatar NIN ɗinsa daidai yake da sunan asusunsa na banki. Shaidar dattawan unguwa tana da asali: a hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, cikin mutum ukun da aka halatta wa tambaya akwai wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Idan shirin da ya fito na mata ne masu sana'a ko marasa aiki, ita ta nema da sunanta, abin da ta samu kuma nata ne. Tunda tana da juna biyu, ku bincika shirin taimakekeniyar lafiya na jiha da hukumar KADCHMA take gudanarwa, ta kuma riƙa zuwa awo a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Tsarin da jama'a suke zuba kuɗi don ɗaukar nauyin wanda ya kwanta a cikinsu, ba don wani kamfani ya ci riba ba, ina tare da malaman da suka halatta shi.

Idan abin da gwamnati ta fito da shi bashi ne, sai a duba. Wanda ba ruwa a kansa, kamar yadda aka ba ƙananan 'yan kasuwa naira 10,000 a TraderMoni, halal ne, amma bashi ne, biyansa wajibi. Abin da mutanenmu suke yi na cewa ai rabonsu ne suka ci, ba shi da madogara, kuma shi ke sa a rufe ƙofa ga na baya. Kuɗin hidima da bai wuce ainihin abin da aka kashe wajen gudanar da bashin ba, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta halatta shi tun 1986. Wanda yake ƙaruwa da tsawon lokaci kuwa riba ce, ko da an ce kashi kaɗan ne, ko da gwamnati ce ta bayar.

Bashin manhaja riba ce tsantsa, ka tuba. Abin da shari'a ta ɗora maka shi ne uwar kuɗin, 20,000. Ka nemi su yafe ƙarin. Idan sun ƙi, kuma ka san halinsu na aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, ka biya don tunkuɗe cutarsu, laifin karɓa yana kansu. Ka gaggauta, don kullum hawa yake, kuma kada ka ciwo daga wata manhajar ka toshe wannan. Ka nemi mai makarantarku ya ba ka rance daga albashi a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan.

To, sai tsarin kuɗi, kuma ba zan yaudare ka ba. Haya 180,000 a shekara tana nufin 15,000 duk wata. Cire ta, cire 10,000 na mahaifiya, saura 35,000, wato abin da bai kai 1,200 ba a rana, ga abinci, ga kuɗin mota, ga wuta, ga magani. Ba wani lissafi da zai sa wannan ya isa. Saboda haka ka daina tuhumar kanka ko matarka da rashin tattali, kuma ka sani a ma'aunin mazhabarmu ta Malikiyya, faƙiri shi ne wanda bai mallaki abin da zai ishe shi shekara ba. Kai faƙiri ne ko da kana sa riga mai guga kana zuwa aiki. Zakka ta halatta gare ka, ta kuɗi da ta hatsi, kuma bayan tubarka ana iya biya maka bashin daga cikinta. Idan kana da 'yan'uwa manoma a Giwa, lokacin kaka ka bari su san halin da kake ciki. Su ma masu fitar da zakka ya kamata su san cewa malaman makarantun kuɗi suna cikin waɗanda Alƙur'ani ya ce wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamewarsu.

Jerin wanda ake fara ba wa kuwa yana cikin hadisin Jabir a Muslim: ka fara da kanka, in ya yi saura iyalinka, in ya yi saura danginka. Ciyar da iyaye matalauta yana wajaba ne a kan ɗa mai hali, daga abin da ya ragu bayan shi da iyalinsa, kuma ana raba shi tsakanin 'ya'ya masu hali. Ban ce ka yanke wa mahaifiyarka ba, wannan kuɗin ƙila shi ne albarkar sauran. Amma idan kana da yayye ko ƙanne masu samu, ku zauna a raba nauyin, ita kuma ka gaya mata gaskiya. Ban san uwar da za ta yarda ɗanta ya ci riba don ya aika mata ba.

Ranar da albashi ya shigo, kafin komai ka ware 15,000 na haya ka kai inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi, ko asusun bankin da ba ya mu'amala da ruwa irin Jaiz ko TAJ, ko adashen mutanen da ka amince da su. Adashe halal ne a wurin mafi yawan malaman zamani, don kowa abin da ya zuba shi yake kwasa. Sai hatsi: ka auni masara da wake na wata gaba ɗaya a Sabon Gari ko Tudun Wada, in da hali ma a kasuwar ƙauye lokacin kaka, maimakon awon kullum a shagon unguwa. Ajiye abinci bai saɓa wa tawakkali ba, Annabi (SAW) ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Ku sami littafi ku riƙa rubuta duk abin da ya fita, kai da ita tare, har wata guda. Magidanta da yawa suna ɓoye wa matansu adadin albashinsu, sannan su yi fushi idan an nemi abin da ya fi ƙarfinsu. Nuna mata. Shari'a ba ta ɗora maka ciyarwa sai gwargwadon ƙarfinka, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, tare da lura da halinta da farashin gari. Idan ta taimaka da kuɗin sana'arta, lada biyu ne kamar yadda aka faɗa wa Zainab matar Ibn Mas'ud, amma ba dole ba ne a kanta, kuma ku fayyace tun farko kyauta ce ko rance.

Ga haihuwa tana zuwa, nan ne magidanta da yawa suke faɗawa bashi. Ragon suna mustahabbi ne a mazhabarmu, ba a ɗora shi a kan wanda ba shi da hali. A raɗa wa yaro suna a masallaci bayan Asuba da ɗan dabino, ya wadatar. Anko da kayan fitar suna da taron yini ba sa cikin addini balle a ci musu bashi. Kuɗin da za ka tara yanzu na asibiti ne da abincin mai jego.

Giɓin da ya rage kuwa ƙarin samu ne zai cike shi. Kana da ilimi a garin da ya cika da ɗalibai, daga Samaru zuwa Kongo zuwa Gyallesu. Darasin yamma ga yara uku ko huɗu masu shirin jarrabawa zai iya kawo maka abin da ya kai hayarka.

Kada kuma ka sa tallafin gwamnati a cikin lissafin wata. Ana iya rubuta sunanka a shekara ba ka ji komai ba, ana iya biya sau ɗaya a tsaya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka yi rajistar da gaskiya, ka ci gaba da tsarinka kamar ba ka yi ba. Idan ya zo, ka fara kashe bashin manhaja da shi, abin da ya ragu ka zuba a kuɗin haya.

Allah ne mafi sani.